Ƙirgi Ga Sitiyari

Ga wani tsoho kwance ƙarƙashin tsohuwar motar Di'o ta zamanin Turawa, bakin kasuwar Tambuwal. Ƙafafunshi duk faso, irin na makiyayi. Ƙarfen sitiyari ya tsage, shina naɗe shi da ɗanyen ƙirgi, shina ja da haƙori.

Na ce, "Baba, mota ce fa, ba saniya ba."

"Ɗiyata, in ya bushe ya fi ƙarfe riƙo."

Ina jin shanunshi ya kai kasuwa don sayen wagga tsiyar mota. Mata sun cika motar, har da goggona, za su Kebbe. Damina ce, dole su ratsa ruwa, ƙirgi ko in ya jiƙe saki shikai. Na faɗa mishi. Shi ko hadari shika kallo.