Kanwar da na ɗura wa yayana

Ni dillalin albasa ne a Goronyo. In na latsa buhu, na shinshina bakinsa, na san abin da ke ciki. Amma kumburin da ya fito wa yayana a cinya ya fi ƙarfin hannuna. Likitan Wurno ya tura mu Sakkwato, ya ce hoto ne zai nuna ko kumburin kaɗai za a cire, ko ƙafar duka.

A can wani likita ya ce za a sa wa Yaya wani ruwa a jijiya, a tura shi cikin inji mai maganaɗisu. Na ce mi ruwan ke yi? Ya ce yana haska wurin da ya lalace. Ya ƙara da cewa a wasu ƙasashe ana gwada irin ruwan nan don auna tsamin nama, domin mugun ƙari yana sa naman da ke kewaye da shi tsami.

Duk bayanin, tsamin nan kaɗai na riƙe. A hanyar komawa gida, har munka wuce Achida ina juya shi. Kowa ya san kanwa ke kashe tsami, haka ake yi wa miyar yakuwa. Na ce in hoto bai ga tsami ba, ba za a yanke ƙafar ba. Na riƙa jiƙa wa Yaya ita safe da marece, kwana biyar.

"Wai mi kake ɗura mini?" in ji Yaya.

"Sha dai, Yaya. Gyaran kaya ne kafin ranar kasuwa."

Zawo ya kama shi. Ranar hoto anka gwada jininsa, anka ce ƙodarsa ba za ta ɗauki ruwan ba, sai bayan mako biyu. Na faɗa wa likita abin da na yi.

"Alhaji, kanwa ba ta kaiwa can," ya ce. "Injinmu ma ba ya auna tsami, a waje na ce ana gwaji. To ko da ta kai, wa za ka ɓoye ma?"

Ni da ke korar duk wanda ya jera manyan albasa a bakin buhu don ya ɓoye ƙanana.

Mako biyun nan kullum ina zagaya cinyarsa da zare in ga ko kumburin ya ƙaru. Wata rana in ga ya ƙaru, wata rana a'a.

Da anka yi hoton, ƙarin bai taɓa ƙashi ba. An cire shi, ƙafa ta tsira. Har yau ban gane ko naman nasa ya yi tsami ba, kuma kunya ta hana ni tambaya. Yaya na ɗingisawa zuwa gonar geronsa. In an kawo miyar yakuwa ya kan ɗanɗana, ya ce a kira dillali ya gyara.