Bindigar Roba a Ƙofar Mai Gari

Ban taɓa mantawa da ranar Talatar da muka fita tallar Garin Kaboyi ba, kuma duk wanda aka ɗauka aiki a filin wasan nan sai na zaunar da shi ya ji labarinta kafin in bar shi ya taɓa kayan talla. Ku ma yau layi ya zo kanku, sai ku gyara zama.

Shekarar da Sallar layya ta faɗo tsakiyar damina ce, gero ya kai kafaɗa. Ni a lokacin mai lilo ne, wato ni ke ɗora yara kan dawakin katako in juya su, wanda ya fashe da kuka in sauke shi in miƙa wa uwarsa. A samana akwai shef ɗinmu, Malam Lawali, mai kula da fili da ma'aikata. A samansa kuma Alhaji mai wurin, wanda ba ma ganinsa sai za a yi sabon gini ko an yi ɓarna. A wannan shekarar Alhaji ya sa aka yanki gefe guda na filin, nan bayan giwar siminti, aka yi rumfunan katako irin na fim, aka sayo dawaki na gaske guda biyu, aka raɗa wa wurin suna Garin Kaboyi.

Akwai wata fada ta samari masu shan shayi a bakin ƙofarmu. Ba ma'aikata ba ne, amma sun fi mu son filin nan, ko ƙusa aka canza sai sun yi mata zama. Tun ana kafa katako suka rabu gida biyu. Dogo tela ya ce Alhaji ya zubar da ƙarfinsa a banza.

"Ɗiyan yanzu wa ya san kaboyi?" in ji shi. "Kakanninmu suka kalli wanga abu. A kawo motoci masu karo da juna irin na Yamai, a ga cikar mutane."

Sanusi mai gyaran waya ya ajiye kofinsa. "Mota ko'ina akwai ta. Doki da hula da bindiga hwa? Ku dai talla ce ba ku iya ba. A saka sanarwarku ga radiyo tsakanin ta rasuwa da ta ɓatan akuya, wa zai taso? Ku hiddo kaboyin, mutane su gan shi da idonsu."

Shef yana tsaye yana ji, kuma maganar Sanusi ta shige shi. Washegari ya kira ni da Rabe, mai kula da janareto, ya ce mu ne kaboyi. Aka ba mu hula mai faɗi, da jan ƙyalle na rufe hanci da baki, ni kuma aka rataya mini baƙar bindigar roba mai tsawon hannu. Dawakin Alhaji ba za a wahalar da su a hanya ba, saboda haka kaboyinmu a kan moto, wato babur, zai yi yawo, Rabe na tuƙi ina baya.

Tsarin tallar mai sauƙi ne, kuma da an bi shi da ba ku ji wannan labari ba. Mota mai lasifika ce a gaba, tana kiɗa, shef yana shela. Mu muna biye. In an shiga gari a tsaya ƙofar mai gari a yi gaisuwa, sannan a yi wasa. Ranar Litinin haka muka yi a kan kwalta, har Agiye da Gazawa. Mutane suka yi ta dariya, masu waya suna ɗaukar hoto, wata mai ƙosai ta ce in aure ta. Muka dawo kanmu ya kumbura.

Ranar Talata muka nufi ƙauyukan da ke bayan Gidan Sori, wajen iyaka. Da hantsi motar ta kafe a taɓon wata ƙorama. Aka tura, aka zuba kara, ta ƙi. Shef ya share gumi ya ce, "Ku wuce garin can na gaba ku jira mu cikin inuwa, kada kayanku su ɓaci da laka." Muka wuce. Ƙyallen yana fuskarmu don ƙwari da feshin taɓo, bindigar kuma tana hannuna don babu inda zan ajiye ta.

Ba zan faɗi sunan garin ba. Wata mata ce ta fara ganinmu a bakin rijiya. Ta saki guga, ta ɗora hannu a ka, ta ƙwala ihu: "Sun zo! Sun zo!" Kafin in gane su wa take nufi, gari ya hautsine. Mata da goyo suna faɗawa cikin gero, tsofaffi suna jan ƙafa, ana buga ƙyaure ta ko'ina. Na ɗaga hannu don in ce su tsaya, ashe hannun da ke riƙe da bindigar na ɗaga. Rabe ya yi ƙoƙarin juya moto, taya ta zame, muka zube a ƙasa.

Ban kai ga miƙewa ba na ji gora a gadon bayana. Maza ne suka kewaye mu, wasu da adda, wasu da kwari da baka, wasu da adaka, bindigar nan ta maharba da ake ɗura wa albarushi. Suka fizge ƙyallen, suka ɗaure mu da igiyar guga, suka ja mu a ƙasa har ƙofar mai gari. Ina ta cewa wasa ne, wasa ne, babu mai ji. Wani yana ihu a gama da mu kafin 'yan uwanmu su iso. Da na waiga sai na ga wani ya tsuguna gindin motonmu yana tsiyayar mai a cikin galan, kuma na san ba sata yake yi ba. Na ji tsoron da ban taɓa ji ba tunda uwata ta haife ni. Kalmar shahada ma sai da na lalubo ta. Rabe kuwa kuka yake yi yana kiran sunan 'yarsa.

Mai garin tsoho ne, ba ya ɗaga murya. Daga baya na ji cewa a bara 'yan bindiga sun shigo garin a kan moto, fuska a rufe, sun tafi da mutane, har da ɗansa, kuma ɗan bai dawo ba. Ya dube ni ya ce, "Kai mai bindiga. Ku nawa ne?"

"Ranka shi daɗe, mu biyu ne. 'Yan talla ne, daga hilin wasan yara na Gidan Rumji. Bindigar ta roba ce, wallahi."

Wani saurayi daga baya ya ce, "In ta roba ce, shi aza ta ga kansa shi harba mu gani." Jama'a suka ɗauka, haka ne, haka ne. Aka kwance mini hannu ɗaya, aka danƙa mini ita.

A nan sai na yi muku bayani, don ku san inda na tsaya. Bindigar nan tana cin wani ɗan albarushi na takarda. In ka danna, ta yi ƙara kamar ta gaske har da hayaƙi, abin da yara ke so ke nan, kuma da safe da hannuna na ɗura ta. Ga maza a tsaye kewaye da ni, yatsa a kan kunamar adaka, duk a tsorace kamar ni. Ƙara ɗaya za ta tashi wani ya saki wuta kafin ya yi tunani. In kuma na ƙi, na tabbatar musu ta gaske ce.

Na ce, "Baba, in na danna za ta yi ƙara irin ta gaske, don haka aka yi ta. Don Allah kada ka sa ni. A kawo gatari a sare ta nan gabanka."

"Dabara ce!" in ji saurayin.

Mai gari ya daɗe yana kallona, ni kuma ina kallon galan ɗin man da aka ajiye kusa da ƙafar Rabe. Can ya ce a kawo gatari. Aka kife turmi, aka ɗora bindigar, shi da kansa ya sare ta. Ta rabe biyu, wata 'yar waya mai lanƙwasa ta yi tsalle ta faɗa cikin yashi. Na zaci za a yi dariya. Babu wanda ya ko murmusa.

Tsohon ya ɗauki rabin ya juya shi a hannu. "Mutane na biyan kuɗɗi a nuna musu wanga abu?"

"Suna biya, baba."

Sai ya ce a kwance mu.

Ana cikin haka sai ga motarmu ta shigo, kiɗa na tashi, shef yana shela a zo Garin Kaboyi ranar Sallah. Da ya ga taron da jinin da ke bin wuyana, sai ya katse shelar. Mai gari ya ce masa, "Mutanena suna cikin gero, da tsohi da masu ciki. Ku kuka kore su, ku kira su." Shef ya ɗauki lasifika: "Jama'a ku hito, babu komai, wasa ne." Ya faɗa, ya sake faɗa, ko kara bai motsa ba. Sai wani dattijo ya ce masa ya bari haka nan, na bara ma da suka zo sai da suka yi ta kira a fito babu komai.

Liman ne ya shiga masallaci ya kama lasifikar kiran salla, yana kiran mutane da sunansu, gida gida, yana rantse musu. Haka suka riƙa fitowa ɗaya ɗaya har la'asar. An ɗauko wata tsohuwa a baya, tushiya ta tsaga mata ƙafa. Ta ƙarshe wata mai jego ce da ko suna ba a yi ba. Tun hantsi tana kwance tsakanin kunyoyin gero, ta danne bakin jaririn da zane don kada ya yi kuka a ji inda suke. Mata suka karɓe shi suna jijjigawa suna hura masa iska, gari ya yi tsit, ni kuma na durƙusa ina roƙon Allah abin da ban roƙa wa kaina ba lokacin da nake ɗaure. Can sai jaririn ya tsanyara kuka. Uwar ta karɓi ɗanta ta wuce ta gabanmu, ba ta ko dube mu ba.

Jandarma suka zo suka tafi da mu ofishinsu, aka yi mana tambayoyi aka sake mu. Alhaji ya je da kansa ya ba da haƙuri. Aka buɗe Garin Kaboyi ranar Sallah babu bindiga ko ɗaya, kuma an cika, ko da yake Dogo ya ce kaboyi ba bindiga ai makiyayi ne mai babbar hula.

Abin da na koya shi ne, sana'ar nan tamu har da tsoro muke sayarwa. Yaro ya hau lilo cikinsa ya ɗuri ruwa, ya sauka yana dariya ya ce a ƙara. Amma da ƙafarsa ya zo, da tikitinsa, kuma ya san inda ƙofa take. Mutanen ƙauyukan nan suna da nasu tsoron na gaske a gida, mu kuma muka ɗauki na wasa muka kai musu har bakin rijiya. Saboda haka duk rigar da aka ba ku don talla, kafin ku fita ƙofar nan ku tsaya ku tuna wanda zai hango ku daga nesa. Ni na san roba ce a hannuna. Matar da ta kusa kashe ɗanta da zanenta ba ta da hanyar sani.