Milojka da Tallan Maganin Ƙiba

Shekara talatin Milojka tana rabon wasiƙu a garin Niš, ba ta taɓa cusa wa kowa takardar da bai nema ba. Tun da ta yi ritaya, shafin sanarwar rasuwa na intanet take fara buɗewa kowace safiya. Yau tana neman lokacin addu'ar arba'in ɗin ƙawarta, sai bidiyon maganin rage ƙiba ya rufe sanarwar, tsohuwar kwamfutarta ta hau nishi.

"Mama, da tallan masu shafin suke cin abinci," in ji surukinta Radoje.

"Matsiyata! Matar da ciwo ya mayar tsinke za su yi wa tallan rama? Toshe min su, ko ka nemi mai yi maka girkin Lahadi."

Nan take ya toshe. Ƙarfe sha ɗaya ne addu'ar, ta miƙe neman gyale.