Mai Nonon Kashi na Shida

Shekara biyu na yi cikin mutum huɗu da ke rubuta wani fim mai dogon zango a Kano. Labarin wani mahaƙin zinariya ne da aka rufe bakin rami yana ciki, har aka yi masa sadakar arba'in, matarsa ta yi wani aure. Bayan shekara ashirin ya fito da ƙafarsa, ko furfura ɗaya babu, a ganinsa wuni guda ya yi a ƙasa. Ni na kawo labarin, don a Anka na yi sakandare, na ga ramuka iri-iri.

Ofishinmu ɗaki ɗaya ne, bangonsa duk katunan kwali. Kowane mutum a labarin da launinsa, kowane kashi da layinsa. Muna kuma da littafi mai baƙin bango, inda muke rubuta wa ya san me, kuma tun yaushe. Abu ɗaya ne babu a ciki: wanda ya rufe ramin. Muka ce sai zango na biyu. Da ya zo, mai fim ya ce jama'a na kallo, a ja labari, muka ce sai na uku.

Ana haka ƙanwata ta haihu a Gummi, na tafi suna. Gwaggo, yayar babana, ta zo daga Nasarawa Burkullu. Ashe duk ranar kasuwa sai ta kai wayarta an tura mata sabon kashi. Washegarin suna da hantsi, mata na ɓarar gyaɗa a tsakar gida, ta yafuto ni.

"Ɗiyata, zo ki zamna. Wa ya ruhe ramin ga?"

"Gwaggo, sirri ne, an hana mu faɗa."

Inna, mahaifiyata, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ba ta sani ba, Yaya. Dubi yadda take sosa kunne."

Mata suka kwashe da dariya. Gwaggo ta karkaɗe zanenta, ta gyara zama.

"In ku ba ku sani ba, ni na sani. Mai nono ce."

"Wace mai nono?"

"Ta kashi na shida, ran da ya hito ya ratsa kasuwa. Kowa ya zuba da gudu, mahauci ya yar da wuƙa. Ita tana zaune tana damun hura, har ludayi ta miƙa mai. Mace ta ga wanda aka yi wa arba'in, ko gezau ba ta yi ba? Ai ta san da ranshi."

Ina wurin ranar da aka ɗauki wannan fitowar, a wata kasuwar ƙauye kusa da Kano. Matar ba 'yar wasa ba ce. Nononta take sayarwa, darakta ya yi roƙo ya yi faɗa ta matsar da ƙwaryarta, ta ce ita da wurinta. Rana na neman faɗuwa, ya haƙura. Ludayin kuwa, ta ɗauka mai saye ne.

Ban faɗa wa Gwaggo ba. Na dai ce, "To don me za ta rufe shi?"

Nan fa gyaɗa ta huta. Wata maƙwabciya ta ce zinariyar take so, aka ce a'a, da tuni ta bar talla. Inna ce ta ce ƙila ramin a kan burtali yake, saniyarsu ta taɓa faɗawa, ita kuma ta sa aka toshe shi ba ta san da mutum ciki ba, sai daga baya ta ji motsi, tsoro ya hana ta magana. Gwaggo ta ce, "Awo, hakanan ne," kamar a gabanta aka yi.

Da na koma Kano na ce wani tunani ya zo mini a mota. Muka kalli kashi na shida sau uku. Babbanmu ya tashi ya yanko sabon kwali, ya rubuta "mai nono", ya manna can sama.

Nemo matar ya ɗauki ranar kasuwa biyu. Ta ce za ta yi, amma ba mai shafa mata hoda, kuma ba za ta tashi daga gaban ƙwarya ba sai nono ya ƙare. Ranar har mai riƙe fitila sai da ya sha fura kofi uku. Sau ɗaya aka ɗauke ta, ta faɗi maganarta tana kallon ƙasa.

Da kashin ya fita, masu kallo suka yi ta yabonmu, wai marubutan nan tun kashi na shida suka binne amsar. Kunya ta ishe ni, na buga wa Gwaggo waya na faɗa mata gaskiya duka. Sai ta ce:

"Wato shekara biyu ina bin mutanen da ba su san inda za su ba?"

"Haka ne, Gwaggo."

"To matar mahaƙin ga da ta yi wani aure hwa? Mi kuka shirya mata?"

"Ba mu kai nan ba tukuna."

Na ji tana ce wa wata ta sauke mata tukunya.

"Ɗauko biro," in ji ta.