Mu'azu Kuku, Wanda Muka Ƙi Cin Girkinsa

Da an idar da sallar asuba a masallacinmu na Gyaɗi-Gyaɗi, Malam Mu'azu yakan naɗe ƙafar wando, ya hau kekensa ya nufi otal ɗin da yake aikin kuku. Shekara goma sha tara yana haka, sai watan jiya da hayaƙi ya gama cinye masa idanu aka sallame shi. Ko taron ban kwana ba a yi masa ba.

Gwanintarsa ita ce dafa wani naman teku mai suna abalon, wanda mutanen Sin masu masaƙu ke zuwa otal ɗin takanas dominsa. Dangin dodon koɗi ne, a bushe ake kawo shi, da tauri kamar ƙaho. Lawan direba, mai kai kaya kicin ɗin, ya shaida mini kwana biyar Mu'azu ke jiƙa shi yana sauya ruwa safe da yamma, sannan ya ɗora kan garwashi yini guda, yana tsikara da tsinke har ya ji ya nuna.

"Wallahi Malam," in ji Lawan, "kuku uku suka gwada, duk sai ya fito kamar takalmin roba. Nasa kuwa da cokali ake yankawa."

Mu a unguwa ba mu san wannan ba. Abin da muka sani kawai shi ne mai dafa dodon koɗi. Da tsokana aka fara, aka ƙare da ƙyama.

Shekarar da aka koma tuƙin mota ta hannun dama matarsa Asabe ta rasu. Ranar sadakar uku, da yake ba wata mace a gidan, shi ya dafa shinkafar da hannunsa, ya bi gida gida yana miƙawa. Kafin la'asar kwanukan suka dawo masa a cike. Har da na gidana, kuma ni na mayar. Ya buɗe murfin ya duba, ya ce, "Ba komai Malam, wataƙila gishiri ne ya yi yawa." Har yau in na tuna kunya takan rufe ni.

Malam Mu'azu, kai ne ka ji liman ya faɗa a bainar jama'a cewa abin teku halal ne, ba ka juyo ka dubi kowa ba. Kai ne ka ci gaba da zuwa jana'izar duk wanda ya rasu cikin waɗanda suka ƙi sadakar matarka. Mai haƙuri, gwanin tukunya, mun zalunce ka.

Juma'ar da ta wuce na same shi a ɗakin da ya koma a Tarauni, yana girki da lalube, hanci na yi masa aikin ido. Na ce, "Malam Mu'azu, yunwa nake ji."

Ya juyo wajena ya ce, "Da gaske kake, Malam?"

Muka sa hannu a kwano ɗaya. Ban taɓa cin miya irin wannan ba, shi kuwa hawaye ya hana shi kai loma.

Mun gode, Malam Mu'azu, Allah ya saka maka, ka yafe mana. Matasa, ku koyi riƙon sana'a a wurinsa. Ku kuma maƙwabta, ku je ku zauna a tabarmarsa tun yana raye. Ya gaya mini tun rasuwar Asabe, ni ne mutum na farko da ya ci abinci tare da shi.