Jeren Gwaggo da Na Kwashe Tare da Ɗalibaina

Wannan labari ya shafe ni, da Gwaggo, yayar mahaifina wadda ta raine ni a Ƙofar Marke bayan rasuwarsa, da kuma ɗalibaina. A lokacin ban daɗe da kammala digiri a fannin tsara cikin gine-gine ba, aka ɗauke ni mataimakin malami a wata makaranta a nan Sakkwato, aka damƙa mini ɗakin zane na 'yan aji biyu. Ina koya musu awo da tef, da zana taswirar ɗaki, da haɗa samfuri da kwali. Darasin da na fi alfahari da shi kuwa shi ne: kafin ka ɗauki fensir, ka zauna da mai ɗakin, ka tambaye shi, ka ga yadda yake rayuwa a ciki. Na yawaita faɗinsa har ɗalibai suna kwaikwayon muryata idan na ba da baya.

Da zangon karatu ya yi nisa, sai na so su gwada hannunsu a ɗaki na gaske. Ya yi daidai da tafiyar Gwaggo Unguwar Rogo zaman jego wurin 'yarta, ta kuma bar mini mabuɗi. Ɗakinta ya daɗe yana damuna. Bango guda jere ne tun na aurenta, kwalla kan kwalla, langa kan langa, ga gadon ƙarfe a lungu mai duhu. Na kai ɗaliban, suka yi awo, suka yi zane. Wata ɗaliba, matar aure da ta girme ni, ta tambaye ni a gaban kowa ko an ji ta bakin mai ɗakin, tun da haka na koyar. Na ce a ɗakin nan aka goya ni, babu mai faɗa mini abin da take so. Wani ya yi raha cewa ashe Malam ne mai zane kuma shi ne uwar ɗaki. Aka yi dariya, har da ni.

Muka sauke jeren, muka yi farin fenti, muka kafa kabad, muka janyo gadon kusa da taga. Kwanukan da ke da sauran ƙyalli na adana su, waɗanda suka dafe ko suka ɓare na bai wa masu gwangwan, masu sayen tsofaffin ƙarafa.

Ranar da Gwaggo za ta dawo na tara ɗaliban domin su bayyana mata aikinsu. Ta tsaya a bakin ƙofa ba ta shiga ba. Ba ta dube ni ba, ɗalibar nan ta duba, ta kira ta ɗiyata, ta tambaye ta ko labarin mutuwarta aka kai musu makaranta. Ta ce ita dai ta san ba a kwashe ɗakin mace sai ta mutu ko an sake ta, kuma maigidanta har ya koma ga Allah bai sake ta ba. Sannan ta shiga tambayar kwanukan ɗaya bayan ɗaya, kowane da sunan wadda ta ba ta shi, akasarinsu ƙawayen da suka rasu. Tasar mahaifiyarta, in ji ta, jaririyar 'yarta da ta baro a Unguwar Rogo ta yi wa niyyarta. Gadon kuwa, ta ce yanzu idan ta kwanta a gefen dama ta bai wa alƙibla baya. Daga ƙarshe ta juyo ta yi mini sannu da aiki, ta kira ni Malam, sunan da ba ta taɓa kirana da shi ba.

Na ruga wurin masu gwangwan, na tarar an riga an murƙushe kayan an yi lodi. Gwaggo ba ta yi mini faɗa ba har yau, kuma ba ta sake jere a bangon ba. Da na koma aji na maimaita darasin tambayar mai ɗaki, babu wanda ya ɗaga biro.

Na gane cewa tashi a ɗaki bai sa na san shi ba, kuma na hana uwar da ta raine ni haƙƙin da nake koyarwa a bai wa baƙo. Ina kira ga malamai irina: kada mu mai da gidan wani filin gwaji ba da izininsa ba, musamman na wanda kunya za ta hana shi tsawata mana.

Ga abin da ya salwanta, kamar yadda 'yarta ta lissafa mini: kwalla shida, langa goma sha ɗaya, tasar tagulla uku.