Numfashin Inji: Abin da Na Gano a Hanyar Zakirai

Ga abin da ke gabana kafin in fita. Injin walda uku sun dawo shagona a ƙone cikin wata biyu, dukkansu daga hanyar Gezawa. Damina saura ƙiris, lokacin da duk mai walda a ƙauye ke neman inji saboda gyaran garma. Jarin da ke hannuna zai ɗauko ɗayan biyu: ko ƙananan inji ashirin masu lamba 400 ɓaro-ɓaro a gaba, irin waɗanda suka ƙone ɗin, ko manya takwas masu lamba 250. Wanda ke turo mini kaya daga Legas ya ce in ba shi amsa ranar Litinin. Da kwalin sandar walda ɗaya na fara wannan sana'a, kuma na san in na sake cika ƙauyuka da kayan da ke ƙonewa, masu walda za su daina zuwa ƙofata. Shi ya sa na rufe shago ranar Asabar, na ce bari in je in gani da idona.

Muna idar da sallar asuba a Bacirawa muka ɗau hanya, ni da mai gyaran da ke duba mini injina. Na sa samfurin kowane inji ɗaya a bayan mota, shi kuma ya riƙo jakar kayan aikinsa da mitar auna wuta. A gidan mai na sha rabin tanki na biya abin da a da yake cika tankin sau biyu har da canji. Mai zuba man bai ko dube ni ba, ya gaji da ganin fuskokin da ke canzawa.

Da muka bar gari rana ta fara fitowa a kan gonaki. Wanda bai san wannan yanki ba zai yi ta jiran ya ga daji, kuma ba zai gani ba. Gona na jingine da gona, iyakarsu layin gamba ne ko ɗan kututture. Ko'ina an share, an tara taki tsibi-tsibi a jere kamar an auna da igiya. Jakuna na ta kai wani a mangala. Gawo da ɗorawa da mangwaro na tsaye a tsakiyar gonakin, kowace bishiya da mai ita. Takin zamani ya fi ƙarfin mutane a shekarun nan, amma ban ga gona ɗaya da aka bari ba. Abokin tafiyata ya ce mutanen nan ko saman kwano ka ba su sai sun shuka gero a kai.

A Gezawa muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan ya rame kamar kowa, amma mai suyar ta yi mana gyara da biyu, kuma kokon ya ji citta. Daga nan muka sauka daga titi zuwa ƙauyen Ɗanlami, wanda biyu daga cikin injinan da suka ƙone nasa ne.

Mun same shi a rumfarsa, garmuna sun fi goma jingine da katanga, masu su na zaune a inuwa. Aron wani tsohon inji ya yi yana lallaɓawa. Ya gaishe ni da ladabi, sannan ya ce, "Alhaji, ka zo ta'aziyya ne ko ka kawo wata gawar?"

Manoman suka fashe da dariya. Ni ma na yi.

Na roƙe shi ya ɗauki ƙaramin samfurin ya yi aiki yadda ya saba, mu dai kallo za mu yi. A nan na ga abin da ban taɓa lura da shi ba ina zaune a shago. Bai tayar da janareta ba sai da ya gama yanke duk ƙarafan, ya goge su, ya jera garmuna biyar kowace da sabon bakinta a ɗaure a inda za a liƙa. Sannan ya ja igiya. Daga wannan lokacin bai ɗago kai ba. Sanda na ƙarewa ya jefar da guntun ya ɗauki wata, daga wannan garma ya tsallaka zuwa waccan. Ko dattin da ke daskarewa a kan ɗinkin bai tsaya kankarewa ba, ya ce sai an kashe wuta.

Na tambaye shi ko haka yake yi tun da can. Ya ce ina, a da janareta na kwana biyu yana ruri ba wanda ya damu, ka liƙa nan, ka tsaya ka yanka can, ka sha ruwa, ka yi hira. Yanzu kowane minti fetur ne.

Bai kai ga garma ta uku ba sai fitilar rawaya ta kama a gaban injin, wuta ta ɗauke. Wannan fitila ita ce ke nuna inji ya yi zafi ya tsayar da kansa. Ɗanlami ya yi tsaki ya miƙa hannu zai kashe janareta, sai abokin tafiyata ya riƙe shi. Ya ce a bar shi yana yi, fankar ciki ce ke fitar da zafin, in aka kashe wuta zafin a ciki zai zauna yana cin kayan injin.

"To fetur ɗin fa, kai za ka saya?" in ji Ɗanlami.

Mai gyara ya ce shi dai da ya buɗe injin na biyu da aka mayar mana, ya tarar an haɗe wayar da ke tsayar da shi in ya yi zafi. Ɗanlami ya sosa ƙeya. Ya ce wani mai gyaran rediyo ne ya ce zai raba shi da fitilar rawaya har abada.

"Ai kuwa ya cika alkawari," in ji wani dattijo cikin manoman.

Ban ɗora masa laifi ba. Mutum ne da layin garmuna a gabansa da hadari a bayansa. Kuma ni da bakina na ce masa wannan ɗari huɗu ne, ba ƙarfen da ba zai ci ba. Mai gyara ya ɗora mita a kan wayar, muka murɗa injin har ƙarshe. Ƙarfin wutar, wanda ake aunawa da amfiya, ɗari da arba'in ya nuna. Sauran ɗari biyu da sittin ɗin a fenti kawai suke.

Ɗaya daga cikin manoman ne ya ce in ina son ganin injin da ba ya tsayawa in ƙarasa wajen Baba Sale a kusa da Zakirai. Muka koma titi. Rana ta take, kwalta na ta ƙyalli, amalanken shanu na tafe a gefe ɗauke da jarkokin ruwa. A bakin kasuwa muka sayi fura da nono, mai damu ta ce sukari sai dai mu ƙara kuɗi, muka ce a bar mana tsaminta.

Baba Sale tsoho ne siriri, ɗan maƙera ne da ya koma walda. Rumfarsa a share take tas, guntayen ƙarfe ma an ware su a gwangwani gwargwadon kaurinsu. Injinsa na hannu ne ya saya, fentin ya koɗe, lamba 250 ce a gabansa. Shi ma irin aikin Ɗanlami yake yi, ya shirya komai kafin ya tayar da wuta. Muka zauna na duba agogo. Minti ashirin da biyar yana liƙi da sanda mai kaurin lamba goma, sai canjin sanda kawai, fitila ba ta ko ƙifta ba. Ɗinkin kuwa ya kwanta a jere kamar kitso.

Da ya kashe wuta na ɗauko masa ƙaramin injina. Bai kalli lambar gaba ba. Ya ɗaga shi da hannu ɗaya ya jinjina, ya leƙa ta ragar baya ya dubi girman fanka, ya ajiye.

"Ɗan nan, wannan ba shi da numfashi."

Na ce, "Baba, ɗari huɗu fa aka rubuta."

Ya ce, "In ka je sayen san huɗa, nauyin da zai fizga sau ɗaya kake tambaya? Kunya nawa zai ja kafin ya tsaya yana haki, ita ce tambaya. Garma ba ta son wuta mai yawa. Ɗari da talatin ta ishe ta, in ƙarfen ya yi kauri ka ƙara kaɗan. Amma tana son wanda zai riƙe ta har a gama."

Mai gyara ya juya injinan biyu ya nuna mini ɗan allon da ke bayan kowanne, wanda shekara da shekaru nake sayarwa ban taɓa tsayawa na karanta ba. Abin da Baba ke kira numfashi shi ne aka rubuta a can da sunan duti saikul. Lissafinsa a kan minti goma ake yi. Na Baba ya ce kashi sittin cikin ɗari a kan amfiya 250, wato minti shida yana aiki, huɗu yana hutawa. In aka sauke wutar ƙasa da ɗari biyu kaɗan, sai ya zama ɗari bisa ɗari, ba ya bukatar hutu. Baba a ɗari da talatin yake aiki, ke nan injin tafiya kawai yake yi, ba gudu ba. Ƙaramin nawa kuwa kashi talatin ne a ƙarshen ƙarfinsa, kuma aikin garma kusan ƙarshen ƙarfin nasa yake ci. Minti uku ko huɗu ne rabonsa a cikin goma. A da hirar mai walda da shan ruwansa ne ke ba shi sauran, ba tare da kowa ya sani ba. Tsadar fetur ta kashe hirar.

Baba bai iya karanta allon ba. Da hannu da kunne ya san abin da ke cikinsa, tun kafin ni da na yi makaranta in san akwai shi. Ya ce kada in zagi ƙaramin, yana da wurinsa: mai ƙofa da taga da ƙarfe marar kauri, wanda ke ɗan ɗiga nan ya ɗiga can, zai ji daɗinsa. Na ciro wani abu in ba shi na goro, ya ƙi. Ya ce in dai na koma in riƙa tambayar mai saye abin da zai liƙa kafin in nuna masa inji.

A hanyar dawowa muka sake biyawa ta wurin Ɗanlami. Na sauke masa babban samfurin a madadin biyun da suka ƙone. Ya kalli lambar 250 ya kalle ni, ya ce, "Alhaji, ragi aka yi mini?" Na ce ya tayar da wuta. Muna tsaye ya gama garmuna huɗu a jere. Da ya ɗage gilashin fuskarsa bai yi godiya ba, wanda ke biye a layi kawai ya ƙwala wa kira.

Mun shigo Bacirawa ana kiran la'asar, hadari ya ɗan taso ta gabas. Ban jira Litinin ba, a ranar na kira Legas na ce manya takwas.

Ga yadda tafiyar ta tashi. Na yi asarar cinikin Asabar guda da rabin tankin mai. Injina uku da suka ƙone a kaina suka zauna, babban samfurin ya tafi, kuma mai inji na ukun ma sai na neme shi na yi masa irin haka. Ribar takwas ba za ta kai ta ashirin ba, wannan na sani tun kafin in kira, kuma akwai masu saye da za su ga 250 a shagona su wuce shagon gaba inda aka rubuta 400. A ɗaya gefen, garmunan ƙauye guda za su shiga gona da ruwan farko, kuma duk injin da zai fita daga hannuna bana zan iya faɗa wa mai shi minti nawa zai yi masa a cikin goma. Na auna, na sake aunawa. Ni na ci riba.